WASIƘAR AKAWU: Sharar Da Ta Ƙi Ruɓewa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in isar wa 'yan'uwa labarin wajenmu.

Labarin Kano sai godiya. Bazara ta kankama, zafi ya yi tsanani, har mutane da yawa sun koma kwana a tsakar gida. Mangwaro ya cika kasuwa, yara sun sami abin yi. Sau biyu hadari yana haɗuwa ta gabas, iska ta taso ta watsa shi, ba mu sami kome ba sai ƙura. 'Yan garuwa su ne sarakuna yanzu, wanda ya ke so kura ta tsaya a ƙofar gidansa sai ya yi asubanci. Manoma kuwa sun gama sharar gona, suna ta kai taki suna duban sama. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Tun bayan wasiƙata ta baya, wadda na yi maganar tattalin abin da Allah ya hore mana na ƙasa da ruwa da itace, takardu sun zo mini daga waɗansu masu karatu. Wani malamin makaranta daga ƙasar Katsina ya ce shi ya gwada ya gaji, domin kome ya gyara da safe, kafin la'asar maƙwabta da iska sun ɓata. Wani akawu kuma daga Zariya ya ce wannan zance na Turawa ne da masu kuɗi, talaka mai neman na tuwo ina ruwansa da leda? Na gode musu duka biyu, zan kuwa amsa musu gwargwadon abin da na sani.

TATTALI BA BAƘO BA NE

Zan fara da akawun Zariya. Ɗan'uwa, tambayi tsofaffin gidanku su ba ka labari. Nan Kano, tun zamanin kakanni, sharar birni dukiya ce. Toka ta murhu, da kashin tumaki da awaki da dawaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, duk a kan tara su a juji. In rani ya yi, sai mutanen ƙauyukan da ke kewaye da birni su shigo da jakunansu ɗauke da itace da kara, su sayar, sa'an nan su cika mangala da takin juji su koma da shi gona. Gonar ta ba da dawa da gero da gyaɗa, a kawo birni a ci, abin da ya ragu ya sake komawa juji. Ta haka a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba.

Wani Bature masanin labarin ƙasa, sunansa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya daɗe yana binciken wannan al'amari tun shekarun 1960. Cikin abin da bincike ya nuna, duk da cunkoson jama'a a kewayen Kano, itatuwan gonaki ba su ƙare ba. Dalili kuwa, kowace ɗorawa da kowace kuka da kowace tsamiya da mai ita. Ba wanda ya isa ya sa mata gatari, mai ita ma reshe ya ke sara ya bar uwar. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana, domin za mu koma kanta.

Haka kuma kayan cikin gida. Ƙwarya, da akushi, da tulu, da randa, da kwando, da faifai, duk daga gona ko daji ko ƙasa su ke fitowa. Goro da ganyen fita a ke ƙunshe shi. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta fashe sakainarta ma tana da amfani, ran da ta ƙare sarai ƙasa ta cinye ta. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafin kowa ba. Saboda haka tattali namu ne, a gida muka tarar da shi.

ABIN DA LEDA TA ZO DA SHI

Game da tambayarsa, wai ina ruwan talaka da leda, to, ai ruwansa ya fi na kowa. Leda daga man fetur da iskar gas a ke yin ta, ƙananan halittun nan na cikin ƙasa masu ruɓar da ganye da kara ba su iya cin ta. Rana ta kan gasa ta ta yayyage, amma gutsattsarin suna nan shekara da shekaru. Takin juji da manomi ke murna da shi a da, yanzu sai ya tsaya ya tsince leda da roba da fasassun kwalabe kafin ya watsa, wadda ta kuɓuce masa kuwa ta shiga ƙasa ta tare ruwa, ta tare saiwa. Akuya da saniya su kan haɗiye ta don gishiri da maiƙon da ke jikinta. Ka ga dabba tana ci tana ramewa ba a san dalili ba, sai ran da aka yanka mahauci ya fito da dunƙulen leda daga tumbinta. Akuyar nan kuwa sau da yawa ita ce dukan jarin wata tsohuwa.

A cikin birni kuma, leda ta kan haɗu da yashi ta toshe magudanar ruwa. Kududdufai da yawa da ke karɓar ruwan sama a da an cike su an yi gini a kai. In aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya rasa hanya, ya shiga gidajen mutane, ya jiƙa gindin bango. Gidan da ke fara faɗuwa na ƙasa ne, mai gidan bulo yana barcinsa. Inda ruwa ya kwanta sauro ya yi ƙwai, zazzaɓi ya biyo baya, ga kuma amai da gudawa in ƙazanta ta shiga rijiya.

Tun da ni akawu ne, bari mu yi ɗan lissafi. Ruwan leda da ya yaɗu a ƙasar nan tun shekarun 1990, guda 20 ne a cikin jaka. Gidan da ke shan jaka ɗaya kullum, a wata mai kwana 30 ya zubar da leda 600, a shekara 7,300. Wannan gida ɗaya ke nan, ba a kuma lissafa ta cefane ba. Kowa ya ƙirga gidajen layinsu ya ga abin da zai samu.

ABIN DA KE GAJIYAR DA MAI ƘOƘARI

Yanzu sai malamin Katsina. Malam, gaskiyarka, abin da ke gajiyar da kai yana gajiyar da mu nan. A gidana na sa an koma zuwa cefane da kwando da kwano. Mai tumatir, tun ba ka buɗe baki ba ya riga ya zuba a leda. In ka ce a juye a kwando sai ya dube ka ya ce, "Malam, ai kyauta ce, ba sai ka biya ba," kamar ka raina alherinsa. Yaro kuwa in ka aike shi sayen karin kumallo, koko a leda, ƙosai a leda, sukari a leda, duka kuma a haɗa a zuba a wata babba. Ya fita da kwano, ya komo da kwanon a hannu ɗaya, leda huɗu a ɗayan.

Na kuma ajiye bokiti biyu a zaure, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba. Mai ɗakina ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen koya wa yara, har ƙaramin ya gane. To, yaron da ke zuwa da baro yana kwashe mana shara, sai ya ɗauki bokitin fari ya juye, ya ɗauki na biyu ya juye a kansa, ya tura ya tafi bola. Ba na ganin laifinsa, domin bolar ɗaya ce, ba wanda ke jiransa can ya karɓi taki dabam, leda dabam. In ka ce ka ƙone ledarka a gida, baƙin hayaƙinta guba ne ga ƙirji, maƙwabci mai tsoho ko jariri ya yi magana, da gaskiyarsa. In ka binne ta, tana nan tana jiran jikanka.

Amma ga wani abu da ya kamata mu lura da shi. Zaga Kano tun daga Kurmi har Sabon Gari, ka nemo mini guntun ƙarfe ko tsohuwar tukunyar dalma yashe a titi. Da wuya ka samu, 'yan gwangwan da 'yan bola-jari sun riga ka. Gorar roba ma ba ta kwana a ƙasa, masu zoɓo da kunun aya suna nemanta. Ba wanda ya yi wa yaran nan wa'azi, ba kuwa doka ce ta sa su ba. Ƙarfe yana da mai saye, shi ke nan. Baƙar ledar cefane ba ta da mai saye, ta ruwa kuma ko da ya ke akwai masu sayenta a kan sikeli, ba ta da nauyi, sai ka tara buhu guda kafin ka ga abin kirki. Watau abin da ke da mai shi ko mai sayensa ba ya zama a titi, wanda ba na kowa ba shi ke cika kwata.

ZANCEN WUTAR GIRKI

Haka al'amarin ya ke wajen makamashi. Shekarun baya an yi ta jawo hankalin jama'a su koma girki da gas don a huta da sarar daji, ma'aikata da yawa muka sayi tukunya. Ran 29 ga Mayu 1999 aka koma mulkin farar hula, ran 29 ga Mayu 2023 kuma Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya hau, kome ya bi shi, a 2024 cikon tukunyar gas mai kilo 12.5 ya wuce naira 10,000 nesa ba kusa ba, kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka. Gidaje da yawa suka ajiye tukunya a lungu suka ɗauko kurfoti. A gidana gas ya zama na shayin safe da ɗumame, wake da tuwo sai gawayi.

Gawayi kuwa ya fi itace cin daji, domin a ramin da a ke ƙona shi a ƙauye sai an ci kilo 5 na itace ko fi kafin a sami kilo 1. Masu ƙona shi ba su zuwa gonar mutum, dajin da ba mai tsaronsa su ke shiga. Ga kuma cutar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, mata da yara ƙanana su ne suka fi zama kusa da murhu. Matar da ta koma itace ta san wannan a idonta da ƙirjinta, ba ta bukatar akawu ya gaya mata. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In ana so ta bar itace, sai a sa abin da ya fi shi ya zo daidai aljihun mijinta.

Kafin a kai ga haka, akwai 'yan dabarun da ke rage ɓarna, na kuwa gwada su. A jiƙa wake tun dare. A riƙa rufe tukunya. A kewaye murhu da ginin laka a bar ƙofa ɗaya, don kada iska ta kwashe zafin, itace kuma ya zama busasshe an faskara shi ƙanana. In an gama girki a zare sauran itacen a kashe shi da ƙasa, a ajiye na gobe. Ba su kashe matsalar, amma buhun gawayi ya kan ƙara kwanaki.

DARASI DAGA MARAƊI

Kada Malam ya ce na ƙara masa gajiya. Ga labarin 'yan'uwanmu na hayin iyaka, wanda ke nuna abin yana yiwuwa. Bayan farin shekarun 1970, gonakin ƙasar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, mafi yawa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka aske sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya, ba reno, ba ban ruwa. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa dabarar da rabon abinci, ta yaɗu.

Amma da fari mutane da yawa sun sare abin da suka bari, domin a ganinsu itace na hukumar daji ne, in ma ka rena wani zai zo da dare ya sare. Sai da manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ƙauyuka kuma suka yi yarjejeniya suka sa masu tsaro da tara a kan ɓarawon itace, sa'an nan abin ya zauna. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana kuwa ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kun ga maganar ɗorawar Kano ta sake fitowa, bishiya mai ubangida ita ke tsira. Ni kaina darbejiya uku na dasa a ƙofar gida bara, biyu awaki sun cinye, ta ukun da ta ragu wadda ke jikin shagon wani tela ce, domin ya ɗauke ta tasa, ya kewaye ta da ƙaya, yana zuba mata ruwan alwalarsa.

ROƘONA

Waɗansu za su ce a hana leda da doka kawai. An yi haka a Ruwanda a 2008, da Kenya a 2017, inda hukuncin ya kai ɗaurin shekara 4. Jihar Legas ma a Janairun 2024 ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso. Doka tana da amfani, musamman a kan baƙar ledar cefane, wadda kwando da kwano za su maye gurbinta gobe. Amma ruwan leda sai an yi hattara, domin mutane suna shansa ne saboda famfo ba ya kawo abin da za su amince da shi. A fara gyara famfo tukuna. Ba a raba yaro da nono sai an dama masa kunu.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da na ke roƙo. Hukuma ta ware wuri a kowace bola inda za a zuba abin da ke ruɓewa shi kaɗai, manoma su zo su ɗiba kamar da, za a ga su da kansu suna tsaron wurin. A taimaki masu narka leda da roba su buɗe wurin awo a unguwanni, a kafa farashi sananne, yaran da suka share mana ƙarfe za su share mana leda. Dagatai da masu unguwanni su raba magudanar ruwa gida gida, kowa ya san daga ina zuwa ina ne rabonsa, a yashe tun yanzu kafin ruwa ya sauka, abin da aka fitar kuma a kwashe shi ran nan, kada a bar shi a baki ya koma ciki kamar yadda a kan yi ran tsabtar ƙarshen wata. Duk bishiyar da za a dasa a bakin hanya, a damƙa ta a hannun mutum ɗaya da sunansa.

Malaman makarantu, yara suna jin maganarku fiye da tamu iyayensu, ku sa su zo da gorar ruwa daga gida. Malamanmu masu wa'azi, kun fi ni sanin abin da addini ya ce a kan almubazzaranci da cutar da maƙwabci, muna roƙo ku riƙa tuna wa jama'a cewa wanda ya zuba shara a kwata da dare, ruwan gidan wani zai shiga. Mu kuma akawuna, takardar da aka rubuta fuska ɗaya tana da sauran fuska, fitila da fanka kuma ba su san an tashi daga ofis ba sai an kashe su.

Malamin Katsina, kada ka ajiye kwandonka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka nemi mutum biyar a layinku, ku je wurin mai unguwa tare, ku fara da magudanar ruwa, tun da ita kowa ya san zafinta. Ka rubuto mana abin da ya ce. Ina kuma roƙon masu karatu na Gusau da Sakkwato da Bauci, duk wanda ya san garin da manoma ke sayen takin bola har yanzu, ko inda a ke awon leda da daraja, ya aiko wa Edita da bayani, mu ƙaru da juna.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya tsare mu daga ambaliya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Kano.